Sa Hannun Usta Ragab

Lahadi, 9 ga Satumba, 2018

Yau mun yi baƙo a shago, kuma tun da ya tafi nake ta juya shi a raina. Ni Tahani da aka sani da raina mai saye tun daga takalminsa, yau sai ga ni na saki baki ina kallon mutum. Injiniya Safwat sunansa, daga Alƙahira. Ba dogo ba ne, ba wani kyau gare shi ba, sai dai nutsuwa. Da ya yi sallama bai ko kalli kujerun da muka jera a gaba ba, waɗanda kowa ke fara shafawa. Kai tsaye ya wuce wurin tulin katako, ya ɗauki guntu ya shinshina, ya faɗi ƙasar da aka saro shi, ya ce bai gama bushewa ba. Gaskiyarsa kuwa, haka Baba ya ce tun ranar da aka sauke shi.

Baba ya ajiye ƙarfen sassaƙarsa ya taso. Tun da na fara riƙe masa lissafin shagon nan ban taɓa ganin Baba, wanda kowa ke kira Usta Ragab saboda gwanintarsa a aikin kafinta, ya bar aiki a tsakiya saboda mai takalmi mai sheƙi ba.

Wai otal suke ginawa a bakin Bahar Maliya, suna son gadaje da kujeru na dukkan ɗakunan. Ya ce duk wanda ya tambaya a nan garinmu Dumyat sunan Baba yake ambata masa. Wannan kam ba ƙarya ya yi ba.

Talata, 11 ga Satumba

Baba ya kawo shi gida cin rana. Goggo Nabawiyya, ƙanwar Baba da ke riƙe mana gida tun rasuwar Mama, ta dafa agwagwa da albasa a cikinta, wadda sai da salla take yi mana ita, ita ma sai mun roƙa. Ya ci loma biyu ya faɗi kayan ƙanshin da take ɓoyewa a ciki, wanda ko ni ta hana ni sani. Goggo ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. Da ya tafi ta ce wannan uwarsa ta yi tarbiyya, kuma ta ce in bincika ko yana da mata. Na ce mata ta bar ni in sha iska.

Amma gaskiya mutumin akwai sani. Ko tarihin masallacin unguwarmu ya fi ni saninsa.

Litinin, 17 ga Satumba

An ƙulla magana. Aikin otal zai ci katako mai yawa, shi kuma Injiniya ya san wani da kayansa ke jibge a tashar jirgin ruwa, busasshe, a farashin da ya sa Baba ya cire tabarau ya sake tambaya. Mai katakon cek kawai yake so na fam dubu ashirin ya riƙe a matsayin jingina, ba za a kai banki ba, ranar da aka sauke kaya a dawo mana da shi. Ba wanda ya ga wani abu a ciki. Da cek muke sayen katako, da shi iyayen amare ke biyan mu kayan ɗaki, cek ɗin Baba kuwa sai ya bi hannu biyar a kasuwa kafin ya ga ƙofar banki.

Babban usta ba ya cike cek da hannunsa, wani ke rubutawa shi ya sa hannu. Ni ce mai rubutawa kullum. To yau ina riƙe da farantin shayi, sai Injiniya ya miƙe ya zaro biro daga aljihun kwat ɗinsa.

"Haba Usta, ina zaune za a sa Ustaza Tahani aiki biyu? Ba ni in samu albarka."

Baba ya miƙa masa littafin cek da hannu biyu. A wajenmu wannan karramawa ce, ka nuna wa baƙo ya zama na gida. Na tsaya a bayansa ina kallo, wallahi ban taɓa ganin rubutu irin nasa ba. Kowane harafi ya zauna daram, kai ka ce a bangon masallaci za a kafa. Har Baba ya kira ma'aikata su zo su gani. Sannan ya zaro tsohon alƙalaminsa na aljihun gaba, wanda ba ya ara wa kowa, ya sa hannu a ƙasa.

Na saba ɗaukar hoton kowane cek kafin ya fita. Na kai hannu ga wayata na fasa. Mutumin da ya ci abincin gidanka, ka ɗauki hoton rubutunsa a gabansa, daidai yake da shinshina miya a gaban mai girki.

Da zai tafi ya ɗauki guntun katako a ƙasa ya rubuta lambar wayarsa ta biyu a kai da biron nan, yadda kafintoci ke rubuta komai a kan katako. Baba ya yi dariya ya ce to yanzu ya zama ɗan Dumyat.

Laraba, 26 ga Satumba

Ba katako, ba Injiniya. Baba ya ce aikin tasha haka yake, a yi haƙuri.

Lahadi, 30 ga Satumba

Lambarsa ta farko a kashe take tun jiya. Na tashi neman guntun katakon nan, na same shi a kan teburin baya, ashe ma'aikata sun mayar da shi matashin butar shayi. Na ɗaga butar.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Farkon lambar yana nan, ƙarshenta yana nan, tsakiya babu. Ba gogewa aka yi ba, ba jiƙewa ya yi ba, ba tabo ko ɗaya. Daidai zagayen gindin butar, katakon ya koma fes kamar ba a taɓa ɗora biro a kansa ba. Na kai shi ƙofa na duba a rana, na shafa, na shinshina. Na daɗe a tsaye ina jin tsigar jikina na tashi.

Na jefa shi a jakata. Ban nuna wa Baba ba, don ban san me zan ce masa na gani ba.

Talata, 16 ga Oktoba

Banki sun kira. An kawo cek ɗin Baba na fam miliyan biyu, kuɗin da ke asusu bai kai ba, sun mayar da shi. Na ce wa mutumin ya sake duba sifilin. Ya ce ya duba.

Laraba, 17 ga Oktoba

Mai cek ɗin ya zo da kansa. Na shirya masa baƙar magana tun daga gida, da na gan shi sai ta maƙale. Hajji Bayyumi, mai shagon gwal a Mansura, dattijo ne mai jiki, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Shi bai san wani Injiniya Safwat ba. Dokta Hishmat ya sani, likitan ido, wanda ya yi wata biyu yana zuwa shagonsa, ya ci abincin gidansa, har ya duba idon matarsa ya rubuta mata magani, kuma wai maganin ya yi aiki. Daga ƙarshe Doktan ya kwashi gwal, wai zai aurar da 'ya'yansa mata, ya biya da cek ɗin wani babban abokinsa na Dumyat.

Hajji ya ce shi ba yaro ba ne, kafin ya saki gwal sai da ya kira mutum uku a garin nan ya tambaya. Dukkansu amsa ɗaya suka ba shi, in dai sa hannun Usta Ragab ne ya rufe ido ya karɓa.

Ya shimfiɗa kwafin cek ɗin a kan tebur. Sunan Hajji Bayyumi ne a sama, miliyan biyu da haruffa da lambobi, cikin wani rubutu mai gaggawa irin na likitoci, wanda bai yi kama da wanda na gani ba ko kaɗan. Babu kankara, babu gyara. A ƙasa kuwa ga shi nan, da lanƙwasar nan da Baba ke yi a ƙarshe. Baba ya sa tabarau ya duba ya duba.

"Sa hannuna ne," ya ce.

Ji na yi kamar in toshe masa baki. Hajji bai ɗaga murya ba. Ya ce rabin gwal ɗin ma na mutane ne da suka ba shi ajiya, ko a biya shi ko ya kai kotu, ba shi da hanya ta uku. Baba ya sa aka kawo masa shayi, ya sha kuwa.

Sai yanzu nake gane abin da ya faru. Mutumin nan bai zo don kuɗin Baba ba, ya san ba mu da su. Sunan Baba ya zo ɗauka, ya kai wani gari ya sayar. Shekara arba'in Baba yana tara abin nan bai san yana da farashi ba, wani ya zo ya auna shi a mako guda. Ina jin haushi, ina jin tsoro, kuma Allah ya gafarta mini, ina jin wani abu mai kama da jinjina.

Lahadi, 21 ga Oktoba

Na je wurin lauya ni kaɗai. Ustaza Mirfat, 'yar ƙaramar mata, tana magana tana ɓarar 'ya'yan kankana. Ba ta ɓoye mini komai ba. Cek ɗin da ya dawo babu kuɗi ɗauri ne, alƙali ba ya tambayar dalili, sa hannu yake dubawa. Baba a shekarunsa, da ciwon sugansa.

Na ciro guntun katakon na ɗora mata a tebur, ina jin kunya kada ta ɗauka na taɓu. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko biro, ta rubuta sunana a takarda, ta kyasta ashana ta wuce da ita ta ƙasa ba tare da ta taɓa takardar ba. Ina kallo sunana ya tafi, harafi bayan harafi. Salati ya kuɓuce mini.

Ta ce a shagon littattafan makaranta ake sayar da shi, don yara su riƙa gyara kuskure, kuɗinsa bai kai na kwanon wake ba. Zafi kaɗan yake so, ko na dutsen guga. Shi ya sa ɓarawon bai damu Baba ya sa hannu da nasa alƙalamin ba, abin da yake so ke nan, komai ya tafi sa hannun ya zauna.

"Kada ki fara kuka tukuna," ta ce. "Tawadar ba tafiya take yi ba, ɓuya take yi. Ki kai katakon nan gida ki sa a firiza."

Litinin, 22 ga Oktoba

Na cusa shi jiya tsakanin kifi da ganyen miyar Goggo. Da safe bayan salla na buɗe.

Sun dawo. Lambobin sun dawo, dishi-dishi, amma ana karanta su, daidai inda suke, a cikin zagayen butar. Na zauna a ƙasan kicin da katako mai ƙanƙara a hannu ina ta kallo har yatsuna suka mutu. Abin da na ga ya tafi da idona, ashe yana nan kwance duk kwanakin nan yana jira. Na tuna wa'azin da ake yi mana muna yara cewa babu abin da aka rubuta da yake ɓacewa. Ban taɓa jin maganar a jikina ba sai yau.

Goggo ta leƙa ta gani, ta ja da baya tana neman tsari, ta ce ita ba za ta dafa kifin da ya kwana da aljani ba. Ta kuwa bai wa magen maƙwabta.

Alhamis, 8 ga Nuwamba

Sammaci ya iso. Ni da Baba mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Wai zai sayar da shago da injina ya biya Hajji Bayyumi. Na ce masa bai ci ba bai sha ba, ya biya me? Ya ce mutumin sunansa ya gani ya saki dukiyarsa, in sunan bai biya ba to me ya rage a cikinsa. Na ce ma'aikata takwas fa, da iyalansu? Ya koma kan kujerar da yake sassaƙawa.

Na tsaya ina kallon bayansa. Raina a ɓace yake, amma ban taɓa ganin girmansa kamar yau ba. Mutum ne da gidan yari ke jiransa, shi kuwa damuwarsa wani a Mansura ya yi asara da sunansa.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Ni na kira Ammu Fahim, ban gaya wa Baba ba. Fahim Girgis, aminin Baba da nake kira Ammu, wato baffa, mai shagon kayan ɗaki a Tanta, tun ba a haife ni ba yake sayen kaya a wurinmu, shi ya saya mini jakar makaranta ta farko. Ya iso da rana, gicciyensa na lilo a madubin motar, ya shigo yana kiran Baba kurman kafinta, Baba na ce masa marowacin Tanta ya zo cin abincin banza.

Sun shige ciki sun daɗe. Abin da na tsinta ta ƙofa kaɗan ne. Na ji Ammu Fahim yana cewa, "Ragab, in ka biya ka shaida wa duniya kai ka rubuta. Ka wanke ɓarawo da hannunka, gobe ya shiga shagon wani." Na ji Baba ya ce wani abu a hankali, Ammu ya ce masa girman kai ne wannan ba gaskiya ba.

Da suka fito Baba ya ce in kira lauyar. Ammu Fahim ya ajiye takardun shagonsa na Tanta a kan teburina, ya ce in kotu ta nemi mai tsayawa ga shi. Na ce Ammu ka karanta abin da kake yi kuwa? Ya ja mini kunne ya ce in kawo masa shayi.

Litinin, 26 ga Nuwamba

Kotu. Baba a kan benci ɗaya da 'yan sane, cikin farar rigarsa ta Juma'a. Ammu Fahim ya rufe shagonsa ya zo ya zauna a gefensa, yana ba shi labarin banza don kada ya ɗaga kai ya ga masu kallonsa. Ustaza Mirfat ta ce an sauya rubutun cek ɗin, ta nemi a kai shi wurin masu binciken takardu. Alƙali ya yarda. Duka-duka bai kai lokacin shan shayi ba.

In ɓarawon ya yi amfani da wani abu da sanyi ba ya dawo da shi fa? Na tambaye ta a waje. Ta ce mu yi addu'a marowaci ne, ya sayi na yara.

Laraba, 19 ga Disamba

Mai katakon da muka fi shekara ashirin muna hulɗa ya dawo da cek ɗin Baba a cikin ambulan, wai kasuwa ce ta canza, yanzu sai kuɗi hannu. Da bakinsa ya taɓa ce mini takardar Usta ta fi kuɗin gwamnati. Na so in je in wanke shi tas, Baba ya hana.

Alhamis, 3 ga Janairu, 2019

Baba ya kai ni banki ya sa aka ƙara sa hannuna a asusun shago. Ya ce idonsa ne ya fara rauni. Mutumin da jiya ya sassaƙa ganyen inabi da jijiyoyinsa a jikin gado. Na sa hannu, shi kuwa bai kalle ni ba.

Talata, 29 ga Janairu

Shiru har yanzu. Goggo ta rame, Baba ya daina zuwa gidan shayi bayan la'asar.

Lahadi, 24 ga Fabrairu

Rahoto ya fito. Ustaza Mirfat ta kira ni ofis ta juyo mini da hotunan.

Ga miliyan biyun nan baƙi ƙirin a sama. A ƙarƙashinsa kuwa, dishi-dishi, ga dubu ashirin, ga sunan mai katakon da babu shi a duniya, ga kwanan watan ranar Litinin ɗin nan, cikin kyakkyawan rubutun da Baba ya kira ma'aikata su gani. Rubutu biyu a takarda ɗaya, ɗaya na ƙarya a fili, ɗaya na gaskiya a ɓoye, kuma masu binciken sun ce hannu ɗaya ne ya yi su duka. Injiniya da Dokta, kowanne da rubutunsa.

Na yi kuka, na yi hamdala, na sumbaci kan Ustaza har 'ya'yan kankanarta suka zube. Abin da ba zan gaya wa kowa ba shi ne, da na share hawaye na sake duba hoton, sai da na ce a raina kai, rubutun nan da kyau yake. Allah ya ba mutum wannan baiwa, ya san katako, ya san girki, ya san ciwon ido, ya rasa abin da zai yi da ita sai wannan.

Litinin, 18 ga Maris

An wanke Baba. Ammu Fahim ya rungume shi a tsakiyar kotu har ɗan sanda ya tsawata musu.

A bakin matakala muka ga Hajji Bayyumi a zaune, ya zube, rigarsa ta yi masa yawa. Shi ba wanda zai biya shi. Ba a kama mutumin ba, an ce an ga mai kama da shi a Asyut yana sayen shanu da wani sunan. Baba ya saki hannuna ya je ya durƙusa ya sumbaci kansa. Hajji ya riƙe hannun Baba ya daɗe bai saki ba.

"Da ma sunanka bai kai haka kyau ba, Usta," ya ce.

Muka shiga mota muka dawo gida. Goggo ta yi guɗa a ƙofa, maƙwabta suka cika gida, Baba ya zauna a cikinsu yana amsa barka da murmushin da bai kai ido ba.

Talata, 26 ga Maris

Mai katakon nan da ya dawo mana da cek ya aiko da tiren alewa da gaisuwa, wai yana jiran takardar Usta kamar da. Na raba wa ma'aikata alewar. Kuɗi hannu na aika masa.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ba wani abu ya faru ba yau. Aiki ya dawo, an gama kayan amare biyu, mai fenti ya sake makara.

Ammu Fahim ya zo da mota ya ɗauki gadaje da kujerun da ya yi oda. Ya kawo wa Goggo alewar Tanta, ya kawo mini gyale. Ana loda kaya ya zauna a teburina ya rubuta cek yana tsokanar Baba, wai tsufa ya sa an yi masa juyin mulki a shago. Ya yage ya miƙo mini, tunda yanzu ni ce mai karɓa.

Ban yi niyya ba. Hannuna ne kawai ya ɗaga takardar wajen hasken ƙofa, babban yatsana ya murza wurin adadin. Ɗan lokaci ne ƙanƙani. Da na sauke na ga yana kallona, dariyar da ya fara ba ta ƙarasa ba. Baba ya miƙe ya ce bari ya duba ko an ɗaure kayan da kyau.

"Duba da kyau, 'yata," Ammu Fahim ya ce. "Haka ya kamata."

Ya mayar da bironsa aljihu a hankali. Bai tsaya cin rana ba, wai hanya akwai cunkoso ranar Alhamis. Ya shafa kaina kamar kullum kafin ya fita.

Ni ban ga laifina ba. Aikina ne, kowa ya san abin da muka gani, shi ma da bakinsa ya ce haka ya kamata. Gobe zan kira shi mu gaisa, shi ke nan.

Bayan an rufe shago na koma ɗauko jakata, butar shayi tana kan wuta ba a kashe ba. Na kara cek ɗin a jikinta. Tawadar ba ta motsa ba, na kuma san ba za ta motsa ba. Sai da na sake karawa.